Azumi Sittin da Ƙwayar Aina'u

Na'ibawa, Kano.
24 ga Jimada Sani.

Zuwa ga Yayata Sa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarki Atika, ta taso daga Na'ibawa har Agege, da addu'ar ta same ki lafiya, ke da Malam Tijjani da yara da duk mai cin tuwon tukunyarki. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da ɗalibai masu jin magana, ya sa ku fi ƙarfin zaman Ikko da cunkosonta. Mu nan da sauƙi, in ji mai ciwo. Sagir yana nan yana fama da majemarsu ta Challawa, har yau in ya dawo sai ya yi wanka biyu kafin in yarda ya zauna min a bakin gado. Makon jiya Kawu Idi ya shigo daga Ringim, ya ce Inna ta samu sauƙin ƙafar har ta je gidan suna da kanta, Baba kuma ya gama shigar da gero, bana sai godiya, wake ne kawai bai yi ba. Sun aiko min da kuka da busasshiyar kuɓewa kamar kullum. Inna ta ce a gaya min in riƙa cin abinci, wai an ce mata na zama kamar sillen kara.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, ni da ko saƙon murya zan yi miki sai ya kai minti goma. Sau uku ina danna wayar in fara magana, in goge. Kuma kin san gidan hayar nan namu, bangonsa ba ya rufa wa kowa asiri, in na yi tari matar maƙwabci ce ke ce min sannu. Shi ya sa na yago takarda daga littafin Islamiyyata. Habibu direba zai yi lodi a Dakata gobe, ya ce jibi ko gata yana Agege, na liƙe ambulan ɗin na ce masa hannunki kawai. Yaya, ina cikin wani hali, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki samu wuri ki zauna ke kaɗai kafin ki ci gaba da karantawa.

Lokacin da kika zo ta'aziyya a watan Muharram an gaya miki zazzaɓi ne ya ɗauke yaron, ni ma na gyaɗa kai. Ba zazzaɓi ba ne. Lafiyarsa ƙalau, har haƙorin ƙasa ya fara tsaga masa dasashi. A makon aikin dare nake, kin san kamfanin biskit ɗinmu na Sharada ba ya jiran mai jego, kina wuce arba'in sai ki tarar an sa wata a gurbinki. Na tashi aiki ƙarfe shida na safe, na karɓo shi wajen matar maƙwabcinmu, na yi masa wanka, na kwanta na sa masa nono a baki da niyyar in ya ƙoshi in mayar da shi kan katifarsa. Ban farka ba sai da aka kira azahar. Yana ƙarƙashin kafaɗata, ya yi sanyi. Ban san me zan ƙara a kan wannan ba. Sagir ne ya ce a ce zazzaɓi, don kada duniya ta cinye ni da baki, ni kuwa a lokacin ko cewa aka yi in ce kura ce ta ɗauke shi zan faɗa. Abin da ya ƙara ƙona ni, da yake ɗan fari ne, kowa ya zo sai ya yaba min dauriya. Gwaggo har cewa take na yi kunya irin ta mutanen da, ban yi kuka a gaban surukai ba, ban ambaci sunansa ba. Wata biyar ina goyonsa ban taɓa kiran sunansa da ƙarfi ba, sai yaron nan, sai kai. To yau zan rubuta, ko ba kyau. Sunansa Uwaisu, kuma ni na danne shi.

Bayan sadakar arba'in na matsa wa Sagir ya je ya tambayo min hukunci, don ni ba zan iya tsayawa gaban namiji da wannan maganar ba. Ya je wajen wani liman can Challawa inda ba a san mu ba, ya yi irin tambayar da muka iya, wai wani abokinsa ne abin ya faru da matarsa. Ya dawo ya ce Liman ya ce kisan kuskure ne, ba zunubin ganganci a kanta, amma ta yi kaffara, azumin wata biyu a jere, in ta sha ko ɗaya ta koma farko. Iyakar abin da ya kawo min ke nan. Wallahi Yaya, ranar ce na fara yin numfashi sosai, don an ba ni abin yi. Sai daga baya lissafin mata ya faɗo min. Tunda nono ya ƙafe al'adata ta dawo, kwana shida duk wata, ba ta saɓawa. To ta yaya mace za ta yi sittin a jere? Wata biyu na yi ina juya wannan tambayar. Abin da ya kamata shi ne in ce Sagir ya koma ya tambaya, ko in tambayi Malama Badi'a ta Islamiyyarmu da nake zama gabanta duk Asabar da Lahadi. Kunya ta hana ni. Na ga in na tambayi Malama za ta ce kaffarar me, in ta ce kaffarar me dole in faɗa. Ni da kuke ce wa Atika baki abin magana, a nan bakin ya mutu.

A kan bel ɗinmu, wato layin injin da ke gangaro da biskit, mu takwas ne, muna tsince biskit muna jerawa a leda. Ta kusa da ni Aina'u ce, 'yar Maraɗi, muna kiranta likitar bel, don ba ciwon da ba ta da ƙwayarsa a jaka. Kowace shekara in Ramadan ya zo ita ke raba wa mata maganin jinkirta al'ada, kati ɗaya ya zagaya hannu huɗu kamar goron ɗaurin aure, saboda ramuwar azumi a kamfani wahala ce, kowa na cin abincin rana ke kina tsaye kina shaƙar ƙamshin bota. Na ce mata ramuwa ce ta taru min tun ta ciki da ta shayarwa, ina so in yi ta gaba ɗaya in huta. Ta ce ai wannan ba komai ba ne, ita da ta yi Ramadan uku ba ta sha azumi ko ɗaya ba. Ta ba ni kati guda, ta kwatanta min wani kemis a bakin titin Zariya inda zan ƙaro. Mai kemis ɗin bai tambaye ni komai ba, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Na ce masa ai azumi nake, ta rana fa? Ya ce in haɗa ta da ta asuba, wai duk ciki ɗaya za su. Ban yi masa Allah ya isa ba, amma ban yafe masa ba tukuna.

Na ɗauki azumi ranar ɗaya ga Jimada Awwal, ina gama tsarki. A kwana na sha tara na fara shan ƙwayar, biyu da sahur, ɗaya da magariba. Wannan a makon aikin safe ke nan. In makon aikin rana ne a kan bel magariba ke riska ta, in kurɓi ruwan leda in ci dabino biyu hannu na aiki, ƙwayar sai na koma gida, wani lokacin ma in manta sai da sahur in haɗa uku in watsa. Ranar da ya kamata al'ada ta zo ta wuce shiru, na yi ta hamdala, har awara na saya wa Aina'u. Sai jiki ya fara karɓar baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ciwon kai na ɓari guda tun hantsi har la'asar, ƙarar inji kamar a cikin kaina aka kunna shi. Tashin zuciya bayan sahur, in tsuguna a bakin rariya ina danne amai don kada ƙwayar ta fito. Cikina ya kumbura, zoben da kika ba ni ya ƙi fita, takalmin aiki ya matse ni. Ga faɗa ba dalili, Sagir ya ce sannu in ce da aka yi me. Duk wannan na ɗauka, na ce ai kaffara ba biki ba ce. Wanda na kasa ɗauka shi ne ƙirji. Nonona ya cika ya yi tsami yana zogi, daidai irin na ranar da ruwa ke zuwa bayan haihuwa. Ina tsaye a kan bel sai in ji ya ɗaure min, in kalli agogon bango in ce lokacin shansa ya yi, kafin in tuna. Sau biyu ina barin layi in shiga banɗaki in cusa hular aiki a baki in yi kuka.

Kwana na talatin da takwas, wajen sha ɗaya na rana, na ga ɗigo. Ɗan kaɗan ne, ruwan ƙasa, bai kai faɗin ƙwandala ba. Na tsaya ina kallonsa. Na ce wa kaina ba jini ba ne, na ƙarasa azumin. Na raɗa wa Aina'u, ta ce ƙwayar ce ta yi min kaɗan, in ƙara, na koma shan biyar a rana. Washegari babu, na ce alhamdulillahi. Kwana ɗaya tsakani ya dawo, ya sake dawowa, ya ɗauke. Yaya, ban taɓa sanin mutum na iya zama bawan auduga ba sai a makon nan. Duk bayan awa ɗaya ina banɗaki ina dubawa, ga farin kayan aiki a jikina, ga sufabaizanmu da ke ƙirga wa mutum fita kamar shi ya gina banɗakin, har ya ce in gudawa nake in tafi gida kada in ɓata musu kaya. Ban san ko ina da salla ba, ban san ko ba ni da ita ba. In yi wanka in yi azahar, kafin la'asar in sake gani. In na yi sallar ina tsoron zunubi, in na bari ina tsoron zunubi, kuma ba wanda zan tambaya.

Ran kwana na arba'in da uku ya zo ja, ba mai musu. Ba shi da yawa, amma ja ne. Na fito na koma layi, hannuna na aiki ni kuwa ba na nan. Abin da ke yawo a kaina kawai maganar nan ce, in ta sha ko ɗaya ta koma farko. Kwana arba'in da uku na yunwa da ƙishi da ciwon kai, a ganina duk sun zube. A ƙarshen bel akwai kwalin da ake zuba fasasshen biskit. Na sa hannu na ɗauki ɓari na jefa a baki, sha biyu saura, a gaban kowa. Ban ji ɗanɗanonsa ba. Washegari na duba, auduga ta fito fara tas, haka ta wuni. Ranar da ta biyo ma haka. Amma ban ɗauki azumi ba a kwana biyun nan, na ce azumin me, ai aikin gama ya gama. Na ci na sha ina fushi, ban san da wa ba. Ƙwayar kuwa ban daina ba, don Aina'u ta ce ina tsayawa jinin zai ɓalle. Ki riƙe kwana biyun nan a ranki, a kansu maganar take.

A rana ta uku jiri ya ɗebe ni ina ɗaga kwali, na zauna a ƙasa. Aka kai ni ɗakin shan magani na kamfani wajen Sista Rut, 'yar Kafanchan ce, a haife ta haife ni. Ta auna jinina ta sake aunawa, ta ce ya hau. Ta ga ina ɗingishi, ta ɗaga wandon aikin ta taɓa sharaɓata ta hagu, ta kumbura ta yi zafi. Ta tambaye ni me nake sha, na fito da katin. Ta tambayi kwana nawa, na ce ashirin da bakwai. Sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce wannan magani na 'yan kwanaki ne, likita ke rubuta shi bayan ya bincika mace, ba a watsa shi kamar gyaɗa, ba a kuma haɗa na rana da na asuba. Ta ce ɗigon da nake gani maganin ne da kansa ke kawo shi in an daɗe ana sha ko ana saɓa lokaci, ƙarin da na yi kuwa ba abin da ya ƙara min sai haɗari. Daga nan ta rufe ƙofa ta tambaye ni abin da ya kai ni. Ban san yadda aka yi ba, abin da na ɓoye wa uwata da yayata da malamata, na zazzage shi gaban matar da ko addininmu ba ɗaya ba. Ta riƙe hannuna har na gama. Ta ce ta yi shekara goma sha biyu a ɗakin yara kafin ta zo kamfani, ta ga jariran da suka tafi cikin barci su kaɗai a kan gadonsu ba wanda ya taɓa su, don haka ba mai iya rantse min cewa ni ce. Na gode mata, amma maganar ba ta shige ni ba. Ni na san inda na same shi.

Ita ta kira Sagir da kanta, ta rubuta mana takarda zuwa asibiti. Ya zo da kayan majema a jikinsa, ko wanka bai tsaya yi ba. Aka yi min hoton ƙafa, likitar ta ce an yi sa'a jini bai daskare a jijiya ba, abin da suke tsoro ke nan, don in ya daskare ya ɓalle ya tafi huhu mutum na tsaye zai faɗi. Ta ce da hawan jinin nan da tsayuwar awa takwas a kan bel, kada in ƙara kusantar maganin, ta maimaita a gaban Sagir. A kan bencin asibiti bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Sai ya ce ya ɗauki guda a hannunsa ya kai maƙabarta, ba zai iya ɗaukar ta biyu ba. Ya ce in ba shi sauran ƙwayar. Na ba shi kati ɗaya ya jefa a kwata. Biyu suna nan a ƙasan kwallata, bai sani ba. Kwana uku da dainawa jinin ya ɓalle kamar yadda Aina'u ta faɗa, wannan karon dai likitancinta ya ci, guda-guda, da ciwon mara irin wanda ban taɓa yi ba. Yau kwana shida, ya fara ja da baya. Aina'un ta zo duba ni da lemo tana ta kuka tana cewa ita taimako ta yi niyya. Na sani, ban riƙe ta ba.

Shekaranjiya na ja ƙafa na je gidan Malama Badi'a, tunda asirin ya riga ya fita. Na gaya mata komai, ba batun wata ce ta aiko ni. Ta saurare ni har ƙarshe, sai ta dafe kai ta yi salati. Ta ce al'ada ba ta yanke azumin kaffara, ba malamin da ta sani da ya ce tana yankewa. Mace shan kwanakinta take, ranar da ta yi tsarki ta ɗora daga inda ta tsaya, a jeren ke nan a wajenta. Ta ce ko ƙwaya ɗaya ban buƙaci sha ba. Ɗigon ma, a karatunmu na Malikiyya jinin al'ada ne ko da ɗigo ɗaya ne, kwana huɗun da na gan shi a cire su daga lissafi, amma ba su rushe komai ba, ina da talatin da tara a hannu. Yaya, sai ga ni ina dariya ina kuka, na ce ashe ban yi asara ba. Sai ta tambaye ni bayan ranar biskit ɗin yaushe na ga tsarki, kuma na ɗauki azumi ko ban ɗauka ba. Na faɗa mata. Ta ce kwana biyun nan da na sha ina da tsarki, ba kuma ciwon da ya kwantar da ni, a abin da ta karanta su ne ke yankewa. Amma ta ce ita ba za ta yanke min hukunci ba, in nemi wanda ya fi ta zurfi a fiƙihu, ko rashin sani da halin da nake ciki za su zama uzuri. Da na koma gida na gaya wa Sagir, sai ya ce yanzu ya tuna Liman ya ƙara wata magana a kan uzurin mata, amma shi a lokacin hankalinsa ba ya jikinsa, kuma ya ji nauyin ya ce a maimaita. Kin ji mu, ni kunya shi kunya. Garin neman gira na rasa ido. Jinin da na yi ta gudu bai yi min komai ba, ni na yi wa kaina da hannuna.

To ga abin da ya sa na rubuto. Don Allah don Annabi ki kai wa Malam Tijjani wannan tambayar, kada ki ce wata ce, ki ce Atika ce, in ya kama ki karanta masa takardar duka, na gaji da rabin tambaya da rabin amsa. In kwana biyun nan uzuri ne, saura min ashirin da ɗaya, ina yin tsarki zan ɗora, in gama cikin Rajab ba tare da magani ba. In kuwa sun yanke, Malama ta ce Ramadan ma yana yankewa, dole sabon sittin ɗin ya ƙare kafin a ga wata. Yau saura kwana sittin da biyar ko da shida. Ki cire kwana biyun da suka rage min in yi tsarki, ki sa sittin, ki sa al'ada sau biyu, sha biyu ke nan. Ba ya shiga, Yaya, na lissafa da yatsu na lissafa da biro. Ba ya shiga sai da ƙwayar nan. In ba haka ba sai bayan Sallah, can ma Layya na tsaye a hanya, wato sai wata Muharram ɗin, shekara guda cur da rasuwarsa ina yawo da wannan a wuyana. In na mutu kafin nan fa? Na san me likita ta ce, na san me Sagir ya ce, na san ke ma me za ki ce, har muryarki nake ji. Amma ban zubar da katin biyun ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa zan zubar ba. Ina yin tsarki zan ɗauki azumi ko ta halin ƙaƙa, daga nan ina da kamar kwana sha tara kafin lokacin fara shan ƙwayar ya yi. Ki taimake ni amsar ta riga wannan ranar zuwa. Ba sai kin rubuto ba, ki kira ni da hantsi, mako mai zuwa aikin rana nake, ina gida ni kaɗai.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa Malama ba, ban gaya wa Sista Rut ba, ke ma na so in bar shi amma takarda ta rage. Lokacin da Malama ta ce mai yiwuwa in koma farko, kuka nake da gaske, amma can ƙasan kukan wani abu ya yi min sanyi. Na tsorata da kaina. Na zauna na bincika zuciyata, sai na gane duk ranar da nake azumin nan ji nake ina yi masa wani abu. Na san kaffara don Allah ake yin ta, astagfirullah, amma haka zuciyata ta ɗauka. Ina tashi saboda shi, ina jin yunwa saboda shi, in rana ta faɗi in ce yau ma na yi masa. Ba ni da wankinsa, ba ni da goyonsa, wannan ne ya rage min na uwa. In Malam ya ce saura ashirin da ɗaya, ran na ashirin da biyu me zan tashi in yi? Ina roƙonki ki samo min amsa da gaggawa, amma wallahi ban san wacce nake roƙon Allah ta zo ba. Ki yi min addu'a, ba ta azumin kaɗai ba.

Kada Inna ta ji wannan daga bakin kowa, in na samu ƙarfi ni zan je gida in gaya mata da kaina. Ki gaishe min da Malam da girmamawa, ki ce ƙanwarsa na neman afuwar ɗora masa wannan nauyi. Ki gaida Abdulbaƙi da 'yan'uwansa, da Ɗan'auta da aka ƙwace wa sarauta, ki ce ya yi haƙuri, sunan dai ba mai karɓe masa. Ki gaida maƙwabciyarki Talatu, har yau ban manta dambun kifinta ba. Sagir yana gaishe ku baki ɗaya. Na bar barka sai ƙarshe, ba don na manta ba, hannuna ne ya ƙi rubuta ta a farko. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya Ummulkairi, ya yi mata albarka. Hoton da kika turo sau ɗaya na iya buɗe shi, kyakkyawa ce, hancin Baba ne ta ɗauko. Ki yafe min rashin zuwa suna. Na san ke uwar biyar ce, ni ɗaya ma ban riƙe ba, ba ni da bakin yi miki wa'azi. Amma don Allah Yaya, in kin gaji, ki ba ta nono a zaune.

Wassalam.

Ƙanwarki mai jiran kiranki,
Atika.